Baƙar Laka a Takalmin Tokuji

Kikuno 'yar bakin teku ce, kuma har ta tsufa ba ta daina tuna wa mutane haka ba. Ubanta masunci ne. Ta tashi a inda mutum zai tsaya a ƙofar gida ya hango duk abin da ke tahowa tun yana nesa. Sai aure ya ɗauko ta ya dire a ƙauyenmu na Kurisawa, can cikin duwatsun arewa, inda daji yake farawa daga bayan ɗakin girkin mutum. Ranar da aka kawo ta ta leƙa ta tagar baya, ta ga itatuwa sun yi cirko-cirko har saman dutse, ta ja labule. Shekara arba'in da ɗoriya ke nan, ban taɓa wucewa na ga labulen nan a buɗe ba.

Ba raguwa ba ce, kada a yi mata mummunar fahimta. Ta dasa shinkafa cikin ruwan da ke sa yatsu su mutu, ta kwashe ƙanƙara daga kan rufi, ta yi girki a makarantar ƙauye har aka rufe makarantar don babu yara. Ta raini ɗa guda, ya girma ya tafi birni, sai sabuwar shekara ake ganinsa. Abu ɗaya ne ba ta yi: ba ta wuce ɗan gunkin dutsen da ke bakin daji, wanda ake ɗaura wa jan ƙyalle a wuya. Mata su tafi tsinkar ganyen miya, ita ta raka su zuwa nan ta juyo. In an tsokane ta sai ta ce, "Ku dai ku je. Ni ba na shiga inda ba na ganin bayana."

Mijinta Tokuji mutum ne mai gaskiya wata goma sha ɗaya a shekara. Da kaka ta shigo, aka yanke shinkafa, ganye ya fara ja, sai ya zama maƙaryaci na gani-kashe-ni. Ba shi kaɗai ba, duk mazan Kurisawa haka suke a lokacin maitake, naman kazar nan da ke fitowa curi-curi a gindin tsofaffin itatuwan nara. Kowa da itacensa, kuma ba a faɗa. Ba a faɗa wa aboki, ba a faɗa wa mata, ɗa ma sai an ga uba yana shirin cikawa. Shi Tokuji a kunne ubansa ya raɗa masa, bayan an fitar da kowa daga ɗakin. Ƙanen Tokuji ya taɓa bin sawunsa sau ɗaya. Daga ranar ko gaisuwa ba ta sake haɗa su ba, har ƙanen ya mutu, Tokuji ya je ya kunna masa turare.

Dabararsa kuwa, ya ajiye 'yar akori-kurarsa a gindin Jan Dutse, inda duk mai wucewa zai gani, ya bar wayarsa a ciki. Sai ya cire ƙararrawar da kowa ke ratayawa a ƙugu don dabbobi su ji tafiyarsa su kauce, ya naɗe ta cikin tawul, ya ɓace. Kafin jiniyar da ake busawa a ƙauye da tsakar rana ya dawo da kwando cike. Curin farko ya ɗora a gaban hoton ubansa, a ɗan akwatin tsafin gida inda Kikuno ke ajiye wa matattu shinkafa kowace safiya a finjalin da bai fi babban yatsa ba.

Yana ganin ya ɓoye wa duniya. Ya manta wa ke wanke masa takalmi. Ƙasar Jan Dutse ja ce, mai tsakuwa. Abin da Kikuno ke kankarewa daga takalmin robarsa duk kaka baƙar laka ce mai danƙo, mai warin ruɓaɓɓen ganye, kuma a duk yankinmu wuri ɗaya ne ke da irinta: bakin Baƙin Tafki, a ɗaya ɓangaren kwarin. Tun tana amarya ta gane. Ta haɗiye abinta, don ta ga abin da ya sami ƙanen.

Shekarar da nake ba da labari, 'ya'yan itatuwan daji ba su yi ba. Yunwa ta koro beyar har cikin gari, wannan baƙar dabbar mai farata da ke miƙewa tsaye kamar mutum, wadda ba ma kiran sunanta, sai dai mu ce Dattijo. Ya karya kanyar bayan gidan limamin ɗakin bautarmu, ya ɓalle ƙofar rumbu, ya yage wa wani mai kai wasiƙa fuska a ƙauyen gaba. Safe da yamma lasifikar ƙauye na roƙon kada kowa ya shiga daji shi kaɗai. Tokuji ya saurara, ya gyaɗa kai, ya naɗe ƙararrawarsa cikin tawul ya fita.

Jiniyar tsakar rana ta yi, bai dawo ba. Miyar da ta ɗora ta huce, ta sake ɗumamawa, ta sake hucewa. Da rana ta faɗa bayan dutse ta kira Sakuma, shugaban 'yan kwana-kwanan sa-kai na ƙauye, wanda suka yi wasan ƙasa da Tokuji kuma suka tsufa suna leƙen kwandon juna. Duhu ya riga ya yi, ba halin shiga daji. Yadda ta kwana ba sai na faɗa ba.

Da sassafe maza suka taru a ƙofar gidan, da rigunansu masu ƙyalli, da maharba biyu. An ga motar a gindin Jan Dutse. Sakuma ya ja ta gefe, ya yi ƙasa da murya.

"Yaya Kikuno, tsakanina da ke, ina tsohon nan yake zuwa? Ba naman kazarsa nake so ba, shi nake so."

"Yo ni ina na sani? Ka taɓa jin ya faɗa wa ko inuwarsa?"

"Ki dai tuna. An ce daren nan raɓa za ta daskare. Ya yi kwana ɗaya a waje, na biyu ba zai yi ba. Kin dai ji na gaya miki."

"Ba ga motarsa can ba?" in ji ta.

Wanda bai zauna cikinmu ba zai yi saurin zaginta. Ni ba zan zage ta ba. Ƙaryar da mutum ya shekara arba'in yana yi ba ta neman izininsa, fitowa kawai take. Kuma zuciyarta na ce mata ƙila targaɗe ya yi, ƙila yanzu haka yana ɗingisowa gida ta bayan gari. Ta kwashi ƙartin Kurisawa, kowanne da idon naman kaza a kansa, ta kai su har gindin itacen ubansa, sannan ya shigo da ƙafarsa? Ta san irin shirun da zai yi mata, ta ga samfurinsa. Motoci suka tashi suka nufi Jan Dutse, tana tsaye tana kallo.

Ta koma ciki ta zuba shinkafa a ɗan finjali, ta ajiye gaban hoton surukinta. Sai ta kama idonta yana auna filin da ke gefen hoton, ko zai ɗauki wani hoton. Ta zuba shayi mai zafi a gora, ta ɗauki waya, da lauje, da tsohuwar ƙararrawar da ke rataye bayan ƙofa. Da ta iso wurin gunki mai jan ƙyalle ƙafarta ta tsaya da kanta. Ta rusuna masa, ta ce, "Ka dai gan ni," ta wuce.

Hanyar tafkin ita ce wadda mutanen birni ke tururuwa su bi duk kaka, da sandunansu da kyamarori, suna ta "kai, kai" don ganye ya yi ja. Bana an gitta igiya a bakinta saboda Dattijo, sabuwa fil. Kikuno ta sunkuya ta ƙarƙashi. Kyau kam akwai shi, sama ja da rawaya, rana na ratsowa, amma ita ba abin da take gani sai wuraren ɓuya. Busasshen ganye ya kai mata idon sawu. Duk takun da ta yi sai ta ji kamar wani ya yi nasa a bayanta. In ta tsaya ta saurara, ƙararrawar ma sai ta yi shiru, shirun kuma ya fi ƙarar muni. Haka ta yi ta tafiya tana waiwaye har wuyanta ya ƙage.

A wata kwana ta ga itacen da aka kankare wa ɓawo, sawun farata a jere, sama da tsayinta, ruwan itacen na tsatsa bai bushe ba. Gaba kaɗan ga kashi tuli guda a tsakiyar hanya, cike da ƙwallon kanya, yana sheƙi. Ta kai bayan hannunta kusa da shi. Da sauran ɗumi. Ta juya ta kalli hanyar gida, ta daɗe tana kallo. Abin da ya hana ta komawa, ta tuna da singileti mai kauri da ta ba shi jiya ya ƙi sawa, yana nan a kan kujera.

Da rana ta ɗan karkata ta hango tafkin ta tsakanin itatuwa. Ruwa ne baƙi ƙirin, ba ya motsi, jajayen ganye na kwance a kansa. Ita da ta tashi a kan ruwa mai magana dare da rana, ruwan da ya yi shiru ba ta yarda da shi ba. Ta taka bakinsa, ƙafarta ta nutse, warin ya bugi hancinta. Lakar ce. Ga kuma sawun takalmi, dugadugin hagu a cinye, yadda nasa yake.

Tana ɗago kai ta gan shi. Ba Tokuji ba, Dattijo. Yana can inda bakin tafkin ya lanƙwasa, jifa ɗaya tsakaninsu, ya ba ta baya, ya danne wani abu shuɗi da ƙafafun gaba yana ja da haƙori. Ta ji ƙarar yagewar yadi. Shuɗin nan ta san shi, ita ta yi masa faci a gwiwar hannu.

An sha faɗa a lasifika: kada ka gudu, kada ka yi ihu, ka yi masa magana a hankali kana ja da baya. Gudu dai ko an ce ta yi ba ƙafa. Ƙararrawar ƙugunta ce ta tona ta, don jikinta rawa yake. Dattijo ya juyo. Ya miƙe tsaye, farin da ke ƙirjinsa ya bayyana, yana shinshina iska, wani abu fari-fari na zuba daga bakinsa. Ta ji ɗumi na bin cinyarta har cikin takalmi, ba ta ko ji kunya ba.

"Sannu, Dattijo," in ji ta, da wata murya da ba ta san tana da ita ba. "Sannu da aiki. Ni ce, matar gidan ƙarshe. Ban taɓa shigo maka gida ba, kai ma shaida ne. In mijina ne kake ci, ka yi haƙuri ka bar min saura. Ba shi da maiƙo, ni nake ciyar da shi, na sani. Ƙashi ne da taurin kai."

Ta yi ta zuba, ita kanta ba ta san me take cewa ba. Har labarin teku ta ba shi. Ya sauke ƙafafunsa, ya yi wani gurnani can cikin maƙoshi, ya tako sau biyu wajenta. Ta rufe ido. Da ta buɗe, ya ɗauki wani ƙunshi a baki yana hawa gangaren, bai ko yi sauri ba, ganye na ruftawa a bayansa.

Da rarrafe ta ƙarasa wurin. Rigar ce, a yage, an ɗaura ta a bakin kwandonsa. Babu jini. Abin da ya zuba daga bakin Dattijo shinkafa ce, curin da ta dunƙula wa Tokuji jiya da asuba. Ta rungume rigar tana haki, sannan ta buɗe murya.

"Tsoho! Kai, Tsoho!"

Shiru. Ta sake kira, ta kaɗa ƙararrawa, ta kira har muryarta ta dushe. Sai can bayan ciyayin bakin ruwa, daga cikin wani ɗan kwazazzabo da ba a gani daga hanya, ta ji tari. Tarin da take ji kowace asuba ne.

Itacen nara ne da mutum huɗu ba za su zagaye shi da hannu ba. A gindinsa maitake ne curi-curi, kowanne kamar kaza ta kwanta kan ƙwai. Tokuji na kwance tsakanin saiwoyi, ya ja ganye ya rufe jikinsa, ƙafarsa ta dama ta juya inda ƙafa ba ta juyawa. Leɓɓansa sun yi shuɗi. Ya buɗe ido ya dube ta, ya dubi bayanta.

"Ke kaɗai ce?"

"Ni kaɗai ce."

"Na ji ƙararrawa tun ɗazu. Na ɗauka Sakuma ne."

"Shi ya sa ka yi shiru?"

Ta ɗago kansa tana ba shi shayi, sai ta ga usur rataye a wuyansa, lafiyarsa ƙalau.

"Wannan fa? Ado ne?"

"Jiya da rana masu ɗaura igiya sun zagayo ta bakin tafki, ina jin hirarsu," in ji shi, haƙoransa na haɗuwa. "Na ce bari in ja jiki in ɗan yi nesa da itacen tukuna, sannan in busa."

Ta dubi sawun jan jikin nasa a cikin ganye. Bai kai tsawon tabarma ba. A ranar ta ji tsoro iri-iri, amma wannan ya fi na Dattijo: mutumin nan a shirye yake ya mutu a nan, kuma ita ma da safen nan ta taya shi.

"Ki ja ni zuwa bakin ruwa," ya ce. "Sai ki kira su. Ki ce a can na faɗi."

Kuma ta gwada, abin haushin ke nan. Ta sa hannu ƙarƙashin hammatarsa ta ja. Ƙarar da ya yi ta tashi tsuntsaye, idonsa ya juye, ya tafi. Ta yi ta marin kumatunsa tana kiran "Tsoho" har ya dawo. Ta ɗaga kai. Rana ta bar cikin kwazazzabon, sai can a kan itatuwa, sanyi kuma ya fara tasowa daga ƙasa. Ta ciro waya. A cikin ramin nan ba ta kamawa, sai an fita fili, bakin tafki, gindin gangaren da Dattijo ya hau.

Ta lulluɓa masa yagaggiyar rigar da tata, ta sa masa lauje a hannu, ta miƙe. Ya cafke idon sawunta.

"Kikuno." Rabon da ya kira sunanta tun kafin a haifi ɗansu. "Na Baba ne. A kunne ya gaya min."

"To ka gaya masa ni ce," in ji ta. Ta sunkuya ta ɓamɓare yatsunsa ɗaya bayan ɗaya.

Ta fito fili ta ba ruwa baya, ta fuskanci gangaren. Can sama ana karya rassa, a hankali, ba gaggawa. Ta danna lambar Sakuma.

"Sakuma, ba a Jan Dutse yake ba. Baƙin Tafki. Ku bi ta inda bakin ya lanƙwasa, bayan ciyayi akwai kwazazzabo, akwai babban nara. Ƙugunsa ya karye. Ku zo da maharba, Dattijo na nan."

Sakuma ya ce, "Baƙin Tafki? Amma tsohon nan ɗan banza ne! Rabin rayuwata ina bin sa Jan Dutse!" Sai muryarsa ta canza. "Yaya, ke kina ina? Ke kika shiga daji? Ki koma kusa da shi, ki yi ta kaɗa ƙararrawa, kada ki daina ko hannunki zai cire. Ga mu nan."

Ta koma ta zauna, ta jingina bayanta da nasa, tana kaɗawa. In hannun dama ya gaji ta mayar hagu. Sau biyu ta ji ganye na motsi a bakin kwazazzabon, ba ta ɗaga kai ba. Tokuji ya juya fuskarsa ga itacen. Da sauran ɗan haske a sama aka fara jin usur da muryoyi. Suka sauko su goma sha, kowa na cewa "sannu, Yaya, sannu," kowa ya yi kamar majinyacin kawai yake kallo. Kikuno na zaune a ƙasa, daga nan tana ganin inda kowane ido ya je.

An sa masa ƙarfe a ƙugu. Ya dawo gida da sanda, daji kuwa ya yi sallama da shi. Duk lokacin ƙanƙara bai ce mata fiye da "ruwa" da "kashe fitila" ba. Ta yi kuka a ɗakin girki, ba sau ɗaya ba, amma ba ta ba shi haƙuri ba, don ba ta ga abin da za ta ce ta yi nadamarsa ba.

Da kaka ta zagayo, akori-kura suka yi layi a bakin hanyar tafki, ba mai ko ɓoyewa. Sakuma ya kawo curi guda a naɗe cikin jarida, ya ajiye a bakin ƙofa ya tafi da sauri. Washegari da safe Tokuji na zaune yana kallon curin, yana kallon hoton ubansa.

"Sun tattake gindin," ya ce. "Nan da shekara biyu ko ɗaya ba zai fito ba. Tun kakan kakana muke riƙe da shi. Ke kika bayar."

Kikuno ta buɗe tukunya. Ta ɗebi shinkafa a bakin cokali ta cika ɗan finjalin, ta kai gaban hoton, ta haɗa hannu. Sannan ta ɗauko babban kwanonsa mai tsaga a baki, ta cika shi har ya yi tozo, ta dire a gabansa.

"Ni na bayar," in ji ta. "Ci tun da zafi. Da yanzu a wancan finjalin nake zuba maka."

Ya dubi finjalin. Ya daɗe yana dubansa. Sannan ya jawo kwanon.